Wahala ba ta nufin Allah ya juya wa mai bi baya

Tun muna yara a Garwa muke jin wannan magana: idan ciwo ya daɗe a gida, ko gona ta ƙi, to akwai zunubin da aka ɓoye, Ubangiji ya ɗauke fuskarsa. Masu faɗin haka yawanci tsoron Allah ne ya sa su, amma Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Ku duba Ayuba 1:8. Allah da kansa ya shaidi Ayuba a kan marar aibu, sannan dukiyarsa da 'ya'yansa goma suka tafi. Abokansa uku suka nace lallai ya yi laifi. A sura ta 42, su ne Allah ya tsauta wa. A Yahaya 9 kuma almajirai sun tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Zabura 34 ta ce idanun Ubangiji suna kan adalai, ita ce kuma ta ce wahalarsu da yawa take, yana kusa da masu karyayyar zuciya.

Idan aka kawo muku irin wannan magana, ku nemi sura da aya, ku karanta surar dukanta, ba layi ɗaya ba. In da hali, ku gwada fassarar Hausa da ta Fulatanci ko Faransanci.

'Yan'uwa, ku tura wa wasu, musamman masu jinya.