Waiwaye: Yadda ƙasar da ta fi kowa ɗanyen mai ta koma jiran jirgin fetur

A watan Disamba na 1922 wata rijiya da ake haƙawa a garin Cabimas na ƙasar Venezuela, bakin tafkin Maracaibo, ta ɓalle. Kwana tara ɗanyen mai yana feshi sama, kusan ganga dubu 100 kullum, yana sauka kan rufin gidaje kamar ruwan Agusta. Kafin nan Venezuela ƙasar manoma ce, gahawa da koko take kaiwa kasuwar duniya. Zuwa 1928 babu ƙasar da ta kai ta fitar da mai.

Yau in aka ɗauko zancen Venezuela, jama'a gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce gurguzun tsohon shugaba Hugo Chávez ne ya kashe ƙasar, wasu su ce takunkumin Amurka ne. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya, amma duka biyun sun fara labarin daga tsakiya.

Lokacin da mai ya fito, Janar Juan Vicente Gómez ne ke mulki, tun daga 1908 har mutuwarsa a 1935. Ya raba filayen haƙar mai ga dangi da 'yan fada, su kuma suka sayar wa kamfanonin Amurka da na Turai. Dala ta yi ta kwarara, kuɗin ƙasar, wato boliba, ya yi ƙarfi har sayo abinci daga waje ya fi noma shi araha. Manomi ya jingine fartanya ya nufi birni. Wanda ya tashi a Kano ya ji labarin dalar gyaɗa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Tun a 1936 marubuci Arturo Uslar Pietri ya yi gargaɗi a wata jarida cewa a "shuka man", wato a zuba kuɗinsa a gona da masana'anta kafin ya wuce. Kusan duk shugaban da ya zo bayansa ya maimaita wannan kalma a kan mumbari. Shukar ce dai ba a gani ba.

Ta fuskar ƙwato haƙƙi daga kamfanoni kuwa, Venezuela ta yi abin a yaba mata. A 1948 ta kafa dokar raba riba biyu, rabi na gwamnati rabi na kamfani, ƙasashen Larabawa suka kwaikaya. Ministan man ƙasar Juan Pablo Pérez Alfonzo yana cikin waɗanda suka haɗa kan Saudiyya da Iraƙi da Iran da Kuwait aka kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a Bagadaza a 1960, shekara 11 kafin Najeriya ta shiga. Mutumin nan dai, da ya tsufa ya ga abin da kuɗin ke yi wa ƙasarsa, sai ya kira mai da "kashin shaiɗan".

A siyasa ma ana yi mata kallon zakaran gwajin dafi. Bayan an kori Janar Marcos Pérez Jiménez a Janairun 1958, manyan jam'iyyu suka ƙulla yarjejeniyar Punto Fijo, cewa duk wanda ya ci zaɓe zai tafi da 'yan uwansa. Sama da shekara 30 jam'iyyun AD da COPEI suna karɓa-karɓa, a daidai lokacin da sojoji ke hawa kujera a Chile da Ajantina da Peru. Sai dai abin da ke riƙe da wannan zaman lafiya rabo ne: muƙami, kwangila, tallafi. Muddin tukunya na tafasa, babu mai faɗa.

Ta kuwa tafasa a 1973, da farashin mai ya ninka sau huɗu. Carlos Andrés Pérez ya hau mulki a 1974, ranar 1 ga Janairu 1976 ya mayar da harkar mai hannun gwamnati, aka kafa kamfanin PDVSA. Zamanin ne masu matsakaicin ƙarfi ke hawa jirgi zuwa Miami sayayya, har aka yi musu laƙabi da maganar da suka saba faɗa wa masu kanti: "yana da araha, ba ni biyu." Gwamnati ba ta tsaya ga abin da take samu ba, sai da ta ciwo bashi a kan man da ba a haƙo ba tukuna. Da farashi ya juya baya, ranar Juma'a 18 ga Fabrairu 1983 aka karya darajar boliba, wanda ya daɗe a kan 4.30 kowace dala. Har gobe mutanen ƙasar suna kiran ranar Baƙar Juma'a.

Talaka bai manta da daɗin zamanin Carlos Andrés Pérez ba, shi ya sa ya sake zaɓarsa. Ya dawo a Fabrairun 1989 ya tarar da baitulmali fayau, ya nufi Asusun IMF da ya sha sukarsa a baya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka saki farashin kaya, aka ƙara kuɗin fetur, aka amince a ƙara kashi 30 cikin ɗari a kuɗin mota, direbobi suka ƙara fiye da haka. Safiyar Litinin 27 ga Fabrairu ma'aikatan da ke tashi daga Guarenas zuwa Karakas suka ji sabon kuɗin mota, rigima ta kaure a tasha, kafin dare ta cinye babban birnin. Mutanen unguwannin kan tudu suka gangaro suna fasa kantuna. Aka turo sojoji da harsashi mai rai. Gwamnati ta ce mutum 276 suka mutu, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Wata uku bayan nan ɗaliban Najeriya suka fito nasu boren na ƙin shirin tsuke bakin aljihu na SAP, ciwo ɗaya magani ɗaya.

A ganina, a wannan makon aka binne tsohon tsari, ko da yake sai bayan shekara tara aka yi masa sadakar bakwai. Cikin hafsoshin da abin ya tsaya wa a rai akwai wani Laftanar Kanar na rundunar 'yan lema, wato Hugo Chávez. Ranar 4 ga Fabrairu 1992 ya yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba. Aka kawo shi gaban talabijin don ya ce wa yaransa su ajiye makamai, sai ya ɗauki laifin a wuyansa, ya ƙara da cewa ba su cimma buri ba "a yanzu dai". A ƙasar da ba a saba jin babba ya amsa laifi ba, wannan ɗan taƙaitaccen jawabi ya yi masa abin da tankoki suka kasa. Ya yi shekara biyu a kurkuku, a Disambar 1998 ya ci zaɓe, lokacin gangar mai tana wajen dala 10.

Chávez ya taki sa'a. Zuwa Yulin 2008 ganga ta kai dala 147. Kuma a faɗi gaskiya, kuɗin ya isa lungunan da bai taɓa shiga ba: likitocin Kyuba suka tare a unguwannin talakawa, ana biyan ƙasarsu da mai, aka buɗe kantunan abinci mai rahusa da azuzuwan yaƙi da jahilci, talauci ya ragu a zahiri. Wanda ya ce mutanen nan banza suka bi shi bai yi musu adalci ba.

Amma a shekarun nan ne aka sare reshen da ake zaune a kai. Bayan juyin mulkin Afrilun 2002 da ya kawar da shi na kwana biyu, da yajin aikin da ya tsayar da mai daga Disamba zuwa Fabrairun 2003, Chávez ya sallami ma'aikatan PDVSA kusan dubu 18, cikinsu har da ƙwararrun injiniyoyi da masana ƙasa. Yawancin man Venezuela, musamman na yankin kogin Orinoco, mai kauri ne kamar kwalta, ba ya fita sai da gwaninta da kuɗin gyara kullum. Kamfanin ya koma asusun gwamnati, ana ɗiba ba a mayarwa. A 2003 ɗin kuma aka kafa hukumar da ke raba dala a farashin gwamnati. Mai uwa a gindin murhu ya karɓa da arha da sunan shigo da kaya, ya zagaya kasuwar bayan fage ya sayar. Aka ƙayyade farashin kaya ƙasa da kuɗin yin su, aka ƙwace gonaki da masana'antu, aka ciwo bashin sama da dala biliyan 50 daga Sin da za a biya da mai. Fetur kuwa kyauta ne in ban da suna, cika tankin mota bai kai kuɗin robar ruwa ba.

Chávez ya mutu ranar 5 ga Maris 2013, Nicolás Maduro ya gaje shi da ƙyar a akwatin zaɓe. Shekara ɗaya da 'yan watanni farashi ya fara zubewa, daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, ga shi kusan kashi 95 cikin ɗari na kuɗin waje daga mai yake zuwa. Gwamnati ta koma buga takardun kuɗi. Babban bankin ƙasar da kansa ya ce hauhawar farashi ta wuce kashi dubu 130 cikin ɗari a 2018. Sau uku ana goge sifili daga jikin boliba, uku a 2008, biyar a 2018, shida a 2021. Akwai lokacin da lambar ƙarshe ta katin shaidarka ce ke nuna ranar da za ka shiga layin garin masara, ka kwana a bakin kanti, wataƙila ka samu wataƙila a ce ya ƙare. A garin Cúcuta na Kolombiya, 'yan gudun hijira suna saƙa jakunkuna da takardun boliba su sayar, don jakar ta fi kuɗin da aka saƙa ta da su daraja. Mutum sama da miliyan 7 suka bar ƙasar, ba tare da an yi yaƙi ba.

Takunkumin Amurka ya zo ne a kan wannan: na hana cin bashi a Agustan 2017, na mai a Janairun 2019, lokacin da Washington ta ce jagoran 'yan adawa Juan Guaidó ne halattaccen shugaba. Kafin na biyun, man da ake haƙowa bai kai rabin ganga miliyan 3 da wani abu na ƙarshen shekarun 1990 ba. Takunkumi ya tarar da marar lafiya a kwance ne, ya janye masa ruwan da ake ƙara masa, kuma talaka ne ya ji a jikinsa, ba na fadar gwamnati ba. A tsakiyar 2020 abin da ake haƙowa ya gaza ganga dubu 500 a rana.

A watan Mayun 2020 matatun ƙasar sun kusa tsayawa cak, motoci suna kwana da kwanaki a layin gidan mai. Sai ga jiragen dakon mai guda biyar sun taso daga Iran, abokiyar kafa OPEC wadda ita ma takunkumi ke wuyanta, ɗauke da fetur. Sojojin ruwa da na sama suka tarbe su suka yi musu rakiya, gidan talabijin na gwamnati yana nuna wa jama'a na farkonsu yana shiga tashar matatar El Palito, a ƙasar da aka ƙiyasta tana kwance a kan ganga biliyan 300.