Wasannin motsa ƙwaƙwalwa suna maganin mantuwa kuwa?

Manhajojin waya masu alƙawarin kaifafa ƙwaƙwalwa sun yi yawa, mutane kuma suna zuba musu lokaci da kuɗi saboda tsoron mantuwa. Tsoron na gaske ne, shi ya sa tambayoyin da ke ƙasa suka cancanci amsa ba tare da rufa-rufa ba.

Wasannin nan suna ƙara wa mutum ƙarfin tuna abubuwa?

Suna ƙara masa gwaninta a wasan da yake bugawa, a nan galibi amfanin yake tsayawa. A shekarar 2010 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da haɗin gwiwar BBC, sun gwada mutum 11,430 na tsawon mako 6. Wasu suka riƙa buga wasannin, wasu kuma aka ba su tambayoyi su nemo amsoshinsu a intanet kawai. Masu wasan sun ƙware a wasanninsu, amma da aka auna kowa da wata jarrabawa daban ta tunani da riƙe abu, ba su tsere wa sauran ba.

A 2014 masana kimanin 70 suka sa hannu a wata sanarwa da cibiyoyin bincike na Jami'ar Stanford da Max Planck ta Jamus suka jagoranta, suna cewa babu gamsasshiyar hujjar cewa wasannin suna hana ƙwaƙwalwa rauni. Wasu masanan sun mayar da martani cewa an yi wa fannin kuɗin goro. Sai dai a 2016 kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 ga hukumar kula da cinikayya ta Amurka, saboda tallan da ya yi cewa wasanninsa na kare mutum daga cutar mantuwa ba tare da hujja ba.

To ai makin da nake ci a wasan kullum ƙaruwa yake yi. Wannan ba ci gaba ba ne?

Ci gaba ne, amma a ina? Akwai wani gwaji da ya fayyace wannan fiye da kowane bayani. A ƙarshen shekarun 1970, a Jami'ar Carnegie Mellon, Anders Ericsson da William Chase sun sa wani ɗalibi yana sauraron jerin lambobi yana maimaita su. Da farko ba ya wuce lamba 7, kamar yawancin mutane. Bayan atisayen sama da awa 230, ya kai yana maimaita lamba 79 a jere. Ɗan tsere ne, don haka sai ya riƙa mayar da lambobin lokutan gudu: idan ya ji 3492, sai ya ɗauke su a matsayin minti 3 da daƙiƙa 49.2, lokacin da gwanaye ke cinye mil guda.

Sai aka ba shi haruffa a maimakon lambobi. Nan take ya koma kusan 6. Rumbun ƙwaƙwalwarsa bai ƙara faɗi ba, dabara ya samu, dabarar kuma ta lambobi ce kaɗai. Haka makinka yake. Ka gane yadda wasan ke tafiya, yatsunka sun saba, idonka ya san inda zai duba. Sunan mutumin da aka gabatar maka jiya kuwa ba a cikin wasan yake ba.

Ke nan ba su da amfani ko kaɗan?

Ban ce haka ba. A wani babban gwaji a Amurka mai suna ACTIVE, an horar da dattawa sama da 2,800 masu shekara 65 zuwa sama. Bayan shekara 10, waɗanda aka koya wa saurin gane abu da warware matsala sun ci gaba da nuna fifiko a waɗannan fannoni. Waɗanda aka horar a kan tuna abu kuwa, fifikonsu ya gushe. Wanda wasa ke yi wa daɗi ya yi abinsa. Abin da ke damuna shi ne wanda zai hana kansa barci ko tattaki don ya cika wasan ranar, yana ganin magani yake sha.

Idan ba wasa ba, me ke sa abu ya zauna a kai?

Da farko, sai abu ya shiga kafin a yi maganar fitowarsa. Da yawa daga abin da muke kira mantuwa rashin natsuwa ne tun farko. Wanda ya ajiye makulli yana amsa waya bai manta inda ya sa shi ba, tun asali hankalinsa bai ga ajiyar ba. Idan aka gaya maka suna, maimaita shi a bakinka a cikin gaisuwar. Idan ka kulle ƙofa, ce wa kanka “na kulle”. Ƙaramin abu ne, amma yana aiki.

Na biyu shi ne tazara. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885, inda ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya ga mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, daga baya ta lafa. Ya kuma ga cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Awa uku a dare guda ba ta kai rabin awa sau shida a cikin mako biyu ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci kuma aka fi guje masa, shi ne ka rufe littafin ka tambayi kanka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka karanta shi sau da yawa, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu suka tuna kashi 40 cikin 100, masu gwada kansu kashi 61. Maimaita karatu yana sa mutum jin ya iya, domin ido ya saba da shafin. Laluben amsa a kai yana da wahala, wahalar ce kuma ke kafa abin.

Masu lashe gasar hadda fa, baiwa ce?

Akasarinsu dabara ce da suka daɗe suna yi, wadda ta samo asali tun zamanin Girkawan da. Mutum zai ɗauki wurin da ya sani sarai, kamar gidansa, ya bi shi a zuci daga ƙofa zuwa ciki, yana ajiye kowane abin da yake son tunawa a wani lungu cikin siffa mai ban mamaki. In ya tashi tunawa sai ya sake bin hanyar. A wani bincike na 2017 da Martin Dresler ya jagoranta, mutanen da ba su taɓa gasa ba sun yi mako 6 suna koyon dabarar, kalmomin da suke iya tunawa daga jerin 72 suka ninka. Tana da kyau ga jerin abubuwa da jawabi da jarrabawa, amma ba za ta tuna maka da shan magani ba.

Mene ne haɗin barci da tunawa?

Akwai wani sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, shi ke karɓar sababbin abubuwan da mutum ya gani ko ya koya. Lokacin barci mai nauyi yana sake bitar su yana miƙa su ga sauran sassan ƙwaƙwalwa don ajiya mai ɗorewa. Tun 1924 aka nuna a gwaji cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta a kan wanda ya zauna a farke na daidai wannan lokacin. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. Ɗalibin da ya kwana karatu ya yi asara biyu: bai adana na jiya ba, ba shi kuma da natsuwar karɓar na yau.

Motsa jiki fa? Me ya haɗa ƙafa da ƙwaƙwalwa?

Jini ne ya haɗa su, da wasu sinadarai da ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yi sababbin mahaɗai. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa sun raba dattawa 120 gida biyu. Rukuni ɗaya na tafiyar ƙafa da sauri sau 3 a mako, ɗayan na miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara guda hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na sauran kuwa ya ɗan ragu, kamar yadda tsufa ya saba yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Akwai ƙwayar da ke ƙara kaifin ƙwaƙwalwa?

Maganin da ake yi da ganyen wata bishiya mai suna ginko na cikin waɗanda aka fi tallatawa. An gwada shi a kan dattawa sama da 3,000 a Amurka na kusan shekara 6, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar mantuwa ba. Wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin bitamin B12 daban ne, shi likita zai rubuta masa bitamin ɗin.

Rubuta abu a takarda ko waya ba ya sa ƙwaƙwalwa lalaci?

A'a. Rubuta alƙawari, sa ƙararrawar magani, ware wa makulli wuri ɗaya. Hakan na rage wa kai kaya ya fuskanci abin da ya fi muhimmanci.

Yaushe mantuwa ta wuce ta yau da kullum?

Ka manta sunan wani ya dawo maka da yamma, wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya cikin ɗan lokaci, ko ya ɓace a hanyar da ya saba bi, ko lissafin kuɗi da girkin da ya iya shekara da shekaru su gagare shi, ko halinsa ya sauya. Sau da yawa iyali ke riga shi lura. A nan a je asibiti da wuri, kada a ce tsufa ne kawai, domin ciwon damuwa da matsalar tayirod (wani sashe a gaban wuya da ke fitar da sinadarai cikin jini) da ƙarancin B12 da wasu magunguna duk suna kawo mantuwa, kuma ana magance su.

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ƙiyasta suna da alaƙa da kimanin kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan shan giya, kaɗaici, raunin gani da raunin ji. Na ƙarshen nan an fi yin sakaci da shi. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi yakan janye daga hira a hankali, a ɗauka ba ya son magana ne. Idan za a kai shi asibiti don mantuwa, a roƙi likita ya duba kunnen da idon, ya kuma auna hawan jininsa.