Hawan Dutsen Tai a China: tambayoyin da ake yawan yi min

Tun da na dawo abokan kasuwa ke ta tambayata kan Dutsen Tai, wanda su can suke kira Taishan, to bari in amsa gaba ɗaya, don wallahi abin na damuna, mutum ya yi shekara goma yana zirga-zirga China amma bai san komai ba sai shago da otal da wajen auna kaya.

Wai ina ne, kuma yaya ake zuwa?

A lardin Shandong yake, garin Tai'an na gindinsa. Jirgin ƙasa mai gudu da ke tsakanin Beijing da Shanghai yana tsayawa a nan, daga Beijing wajen awa biyu ne. In kana da takardar yuwan 5 juya bayanta, dutsen ne a jiki. Fasfo ɗinka kar ya bar aljihunka, da shi za ka yanki tikitin jirgi da na shiga.

Me ya bambanta shi da sauran duwatsu?

Ba tsayi ba ne, don bai fi mita 1,500 da 'yan kai ba. Tarihi ne. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya fara haɗe China ƙasa ɗaya, ya hau shi a shekara ta 219 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarakunan bayansa ma suka riƙa zuwa yin bukukuwan addininsu, shi ya sa duk inda ka waiga rubutu ne sassaƙe a jikin dutse, wani an cika shi da jan fenti. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Da ƙafa ake hawa ko akwai mota?

Akwai bas zuwa ƙofar tsakiya, Zhongtianmen, daga nan ka shiga keken waya, wato akwatin ɗaukar mutane da ke tafiya a rataye a jikin waya, ya kai ka kusa da sama. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya bi wannan, ba abin kunya ba ne. Amma in kana da lafiya dan Allah ka taka, daga Jar Ƙofa wato Hongmen matakala sama da 6,000 ne, awa huɗu zuwa shida, kuma inda ake gane namiji shi ne Shibapan, matakala sama da 1,600 a miƙe kamar tsani, ƙofar Nantianmen na can sama kana hangenta amma ta ƙi matsowa. A nan na zauna ina haki wani ɗan dako ya wuce ni da sanda a kafaɗa, katan-katan na ruwa na reto gaba da baya, kafaɗar duk ta yi kanta, yana tafiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan bai ko ɗaga kai ba. Daga ranar ban ƙara jin ciwon tsadar ruwan da ake sayarwa a sama ba.

Musulmi fa, zai iya shiga wuraren bautarsu?

Fatawa ta malamai ce, ka tambayi malaminka kafin ka tafi. Ni dai na shiga da niyyar ganin gini da tarihi, ban rusuna ba, ban kunna turare ba, ban ɗaura jan ƙyalle ko kwaɗo ba, kuma ba wanda ya ce min uffan. Haikalin Dai da ke cikin gari shi ya fi kama ni, babban zaurensa an gina shi a 1009, da zane a bango mai tsawon wajen mita 62, ga tsofaffin itatuwa a tsakar gida da ake cewa sun haura shekara 2,000. Can sama kuma akwai haikalin Bixia, rufinsa na ƙarfe da tagulla saboda iska, mata da yawa na zuwa roƙon haihuwa. Na ga wata tsohuwa ta durƙusa tana hawaye, sai na mayar da wayata aljihu. Kar ka yi dariya, kar ka sa wa mai ibada kyamara a fuska, kuma dokin ƙofa tsallake shi ake yi, ba a takawa.

Abinci da sallah?

A cikin Tai'an akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui da masallatansu, ka nemi shagon da aka rubuta 清真, shi ne halal. A kan dutsen kuwa kar ka dogara da kowa, ka yi guzurin dabino, burodi, dafaffen ƙwai, ka naɗe ƙaramar darduma a jaka.

Wane lokaci ya fi?

Afrilu zuwa Mayu ko Satumba zuwa Oktoba, amma ka kauce wa farkon Mayu da makon farko na Oktoba, hutunsu ne, cinkoso sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Da yawa cikin dare suke hawa don ganin fitowar rana, kuma sanyin asuba a can sama ko hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba, akwai masu ba da hayar koriyar rigar sanyi irin ta sojoji, ka karɓa kawai kar ka tsaya ciniki.