Waiwaye: Wa ke auna ƙarfin madatsun ruwanmu?

Fari ne ya haifi Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1973, shekarar da gero ya ƙone a gona, shanu suka yi ta faɗuwa, gwamnatin Gowon ta kafa ta. Babban aikinta na farko shi ne gina madatsar Bakolori, kusa da Talata Mafara, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978. Har yau an fi tuna shi da rikicin diyyar gonaki na 1980 da ya ci rayukan manoma. Daga nan sai madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima, da aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900.

Jikin Goronyo ba dutse ba ne. Ƙasa ce da yashi aka jibga aka daɓe, don haka ƙarfinta yana hannun wanda ya duba daɓen. A irin wannan gini hawa-hawa ake zuba ƙasa, rola ta bi ta kai, sannan injiniyan duba inganci ya ɗebi samfuri ya auna danshinta da yadda ta danƙaru. In ba ta kai ba, a tone a sake. Kankare kuwa, ana zuba kaɗan a 'yan akwatuna, a jiƙa a ruwa, a murƙushe a injin gwaji bayan kwana 7 da kwana 28. Sai injiniyan ya sa hannu ake biyan ɗan kwangila. Ina ganin girman duk injiniyan da ya taɓa ƙin sa wannan hannu alhali ana matsa masa.

Kuskurenmu shi ne ɗaukar cewa dubawa ta ƙare ranar yanke ƙyalle. Madatsar ƙasa tana tsufa. Ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashi, gara na yin gida, ƙofofi na tsatsa, laka na taruwa a ƙasan tafki. Kowanne akwai yadda ake auna shi, muddin akwai kayan awo da kuɗin mai na zuwa wurin.

A Satumban 2010 ruwan da ya kwararo daga Goronyo ya shafe ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Shekara 8 bayan haka sai aka ga akasinsa: a 2018 tafkin ya janye ƙwarai, hankalin masu noman rani da masu shan famfo a birnin Sakkwato ya tashi. Da madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri a Satumban 2024, mutanen Wurno da Kware, da ke ƙasa da Goronyo, ba su ji labarin a matsayin na nesa ba.

Mai albasa da shinkafa a fadamar Rima bai taɓa ganin littafin awon madatsar da ke bisa kansa ba. Ya kamata a riƙa bayyana sakamakon dubawar kowace shekara, da Hausa, a gidan rediyo, kafin ruwan Agusta ya sauka.