Sandar zinare ba ta da hatimi: me dokar Birtaniya ta ce, me kuma ba ta ce ba

Maganganu biyu ne ke yawo tsakanin masu sayen zinare da azurfa ta intanet daga dillalan Birtaniya, kuma dukansu kuskure ne. Wasu na cewa duk sandar zinaren da ba ta ɗauke da hatimin hukumar gwaji jabu ce, har ma wanda aka same shi da ita zai iya shan ɗauri. Wasu kuma na cewa muddin an ga lambar 999, wadda ke nuna ƙarfe tsantsa, a jikin sanda to magana ta ƙare, domin wai a ƙasar da doka ke aiki babu mai iya buga wannan lamba a kan ƙarya. Magana ta farko tana sa mutane tsoron kaya mai kyau, ta biyu kuwa ita ce ke sa su zuba kuɗi a kan tagullar da aka shafa wa ruwan zinare.

Dokar da ake nufi ita ce dokar hatimin ƙarafa masu daraja ta 1973. Ta shafi zinare da azurfa da filatinom da faladiyom, kuma tana hawa kan wanda ke sayarwa a matsayin sana'a, ba kan mai saye ba. Abin da ta haramta shi ne ɗan kasuwa ya kira kaya zinare ko azurfa alhali ɗaya daga cikin ofisoshin gwaji huɗu na ƙasar, wato na Landan da Bamingham da Shefil da Edinbura, ko wani ofishin waje da aka amince da shi, bai gwada kayan ya buga masa hatimi ba. An ɗauke wa ƙananan kaya wannan sharaɗi: zinaren da bai kai giram 1 ba, da azurfar da ba ta kai giram 7.78 ba. Saboda haka mai saye ya kwantar da hankalinsa, babu inda dokar ta ce laifi ne mallakar sandar da ba ta da hatimi.

Inda ruɗanin yake shi ne a jerin kayan da dokar ta keɓe. A cikin jerin akwai ɗanyen ƙarfen da ba a ƙera komai da shi ba, da sandunan zinare da azurfa irin waɗanda ake saya don ajiyar dukiya. Ma'ana, zobe ko awarwaro sai da hatimi, amma sandar oza ɗaya ta zinare tsantsa, wadda ta fi zoben tsada ninkin-ba-ninkin, tana iya fita kasuwa babu hatimin hukuma ko ɗaya, kuma halal ce a idon doka. Rubutun da ake gani a jikinta, sunan matata da nauyi da lambar 999.9 da lambar shaida, duk matatar ce ta buga da kanta. Darajar wannan rubutu tana rataye ne da mutuncin wanda ya yi shi, shi ya sa 'yan kasuwar zinare ke duba ko matatar tana cikin jerin da ƙungiyar kasuwar zinare ta Landan, LBMA, ta amince da su. A ganina nan dokar ta bar ƙofa a buɗe, domin an tsara ta ne a lokacin da sandar zinare take harkar bankuna da maƙera waɗanda suka san yadda ake gwaji, ba lokacin da kowa ke iya yin odarta da waya daga kan gadonsa ba.

Sai kuma batun shafe. Dokar ba ta hana sayar da kayan da aka shafa wa ruwan zinare ba. Ta yarda a yi amfani da kalmar zinare a kan irin wannan kaya idan an haɗa ta da kalmar Turanci “plated” ko “rolled”, masu nuna cewa shafe ne ko lulluɓi, a kan azurfa kuma da “plated”, matuƙar bayanin gaskiya ne. Masu wayo sun gane cewa waɗannan kalmomi suna korar mai saye, don haka suka koma wa wasu da ke kama da gaskiya amma ba su faɗi komai ba. A ɗauki sandar da aka fi tallatawa: tana cikin ɗan kwanson roba mai sheƙi, an zana mata hoton ɓauna ko gaggafa, an rubuta “1 Troy Ounce” da manyan baƙaƙe, a ƙasa “.999 Fine Gold”, sannan a tsakani, da ƙananan baƙaƙe, “100 Mills” ko “Clad” ko “Layered”, biyun ƙarshe masu nufin lulluɓi. Idan aka matsa wa mai sayarwa, zai ce ai bai yi ƙarya ba, oza ɗayan nauyin sandar ce gaba ɗaya, 999 ɗin kuma tsarkin ruwan da aka shafa ne.

Lissafi kaɗan yana tona asirin kalmar “mills”. In ana nufin kashi ɗaya cikin dubu na inci, to ɗari daga cikinsu milimita 2.54 ne, kuma shafe mai wannan kauri a fuska biyu zai fi ita kanta sandar kauri. In kuwa ana nufin kashi ɗaya cikin miliyan na inci, to a sanda mai tsawon milimita 50 da faɗin 28, zinaren da ke fuskokinta biyu bai wuce giram 0.14 ba, alhali ozar zinare giram 31.1 ce. Wannan ma idan har an shafa abin da aka rubuta ke nan. A ɓangaren azurfa, tarkon shi ne “German Silver” ko “Nickel Silver”, wanda haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu ƙwayar azurfa a ciki.

Game da hukunci, wanda ya kira kaya mara hatimi zinare, inda hatimin ya wajaba, yana fuskantar tara ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2, wanda ya ƙirƙiri hatimin bogi kuma har shekara 10. To amma mai sandar ɓauna bai kwaikwayi hatimin kowa ba, don haka wannan babban hukunci ba ya taɓa shi. Abin da ya fi kama shi shi ne dokar zamba ta 2006, wadda ita ma hukuncinta ke kaiwa shekara 10, kuma ta ɗauki bayani mai ɓatarwa daidai da bayanin ƙarya idan an yi shi da niyyar ha'inci. Wahalar tana wajen tabbatar da niyyar, kuma ƙaramin rubutun nan na “Clad” an sa shi ne musamman don ranar da za a yi tambaya. Ni dai ban ga adalci a tsarin da mai ƙaramin shagon zobba ke biyan kuɗin gwajin kowane kaya, mai sayar da tagulla a rigar zinare kuma yana fakewa da kalma ɗaya ba.

Akwai wata saɗara da ake yawan juya wa mai saye. A ƙa'idar cinikin nesa ta 2013, mai saye ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki ba tare da ba da dalili ba, amma an cire kayan da farashinsu ke hawa da sauka tare da kasuwar hada-hadar kuɗi, kuma zinaren ajiya yana ciki. Dillalin gaskiya yana da hujjar ƙin karɓar sanda don kawai farashi ya faɗi. Wannan keɓewa ba ta rufe bakin wanda aka aiko wa kayan da ya saɓa wa bayani ba, domin dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da irin wannan kaya ya karɓi kuɗinsa cif. Sharaɗin shi ne mai sayarwar ya zama ɗan kasuwa, kuma a aikace ya zama inda hannun hukumar Birtaniya zai iya kaiwa, abin da ba ya samuwa idan kayan daga wata ƙasa aka turo shi.

Shi ya sa awo a ranar da kaya ya iso yake da muhimmanci, tun kwanakin ba su ƙare ba. Zinare ya fi tagulla nauyi fiye da ninki biyu, don haka sandar tagulla ba za ta iya daidaita da ta gaske a nauyi da girma lokaci guda ba: in ta cika giram 31.1 za ta yi kauri ko faɗi fiye da abin da matata ta bayyana, in ta yi daidai da girman kuma sikeli zai nuna ta gaza. Maganaɗisu ba ya kama zinare ko azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka rashin kamawarsa ba shaida ba ce. Jabun da ke tsallake sikeli da ma'aunin kauri shi ne wanda aka cusa wa ƙarfen tangistin, mai nauyi kusan ɗaya da zinare, kuma ko na'urar haske da ke karanta fatar ƙarfe tana iya kasa gano shi, sai an kai sandar wurin mai na'urar da ke auna cikinta da sauti ko da lantarki.