Waiwaye: Yadda ƙa'idojin ofis suka jinkirta gwajin korona a Amurka

Tushen lamarin yana cikin wata doka ta 2004, wadda Majalisar Dokokin Amurka ta yi bayan wasu wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar antiras, wata cuta mai kisa, da aka aika wa mutane a ƙasar a 2001. Dokar ta bai wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ikon sahale magani ko kayan gwaji cikin hanzari idan annoba ta ɓarke. Don sauri aka yi ta.

Da korona ta zo a 2020, sai reshe ya juye da mujiya. Bayan ayyana dokar ta-ɓacin lafiya ranar 31 ga Janairu, ɗakunan gwaji na asibitoci da jami'o'i, waɗanda a da suke haɗa nasu gwajin su yi aiki da shi, sai da suka koma jiran izinin FDA. Hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ce kaɗai ta samu izini ranar 4 ga Fabrairu, kuma kayan da ta rarraba wa jihohi suka zo da sinadari mai matsala. Ko wa za a gwada ma, ƙa'ida ta taƙaita ga wanda ya dawo daga China ko ya yi cuɗanya da mai cutar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ya faru a birnin Seattle na Amurka. Dakta Helen Chu tana da dubban samfuran majina da aka tara don binciken mura, ta nemi a bar ta ta duba korona a cikinsu, aka hana, wai ɗakin nata na bincike ne kuma masu samfuran ba su amince da wannan gwajin ba. Ranar 25 ga Fabrairu ta yi gaban kanta, ta kuwa gano cutar a jikin wani matashi da bai yi tafiya ko'ina ba.

Ita kuwa Koriya ta Kudu, wadda MERS, wata cutar numfashi 'yar uwar korona, ta kashe mata mutum 38 a 2015, ta riga ta gyara tsarinta. Jami'anta sun tara kamfanoni a Seoul ranar 27 ga Janairu, cikin kwana takwas gwajin farko ya samu sahalewa.

FDA ba ta sassauta ba sai 29 ga Fabrairu, ranar da aka fara sanar da mutuwar mai korona a Amurka.