Waiwaye: yadda ƙarin jini ya zama ajalin dubban mutane a Birtaniya

Ranar 20 ga Mayun 2024 tsohon alƙali Sir Brian Langstaff ya fitar da rahoton bincikensa kan gurɓataccen jini a Birtaniya, a ranar kuma Firaminista Rishi Sunak ya miƙe a majalisa yana ba da haƙuri. Mutum sama da 30,000 aka ɗura wa jini ko maganin da aka haɗa da jini mai ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, kusan 3,000 sun riga mu gidan gaskiya. A Birtaniya fa!

Asalin abin kuɗi ne. Akwai masu larurar da jininsu ba ya daskarewa in sun ji rauni, sai aka samo musu magani mai suna Factor VIII, to Birtaniya ba ta iya haɗa wanda zai ishe ta sai ta koma sayowa daga Amurka, can kuwa biyan mutane ake su ba da jini, har da fursunoni da masu yi wa kansu allurar ƙwaya, sannan a haɗe ruwan jinin dubban mutane wuri guda a tace maganin. Ka ga mutum ɗaya mai cuta ya isa ya ɓata tukunyar gaba ɗaya.

Wasu za su ce ai lokacin babu gwaji. Da ɗan gaskiyarsu. Ciwon hanta nau'in B an gano shi tun shekarun 1960 ta aikin Baruch Blumberg, amma Harvey Alter ya lura ana ƙara wa mutane jinin da aka tantance kuma hantarsu na kamuwa, ba A ba B ba, sai 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano nau'in C. Gwajin ƙanjamau kuwa 1985 ya fito. Amma ni wannan uzurin bai gamsar da ni ba, don tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja hankalin ƙasashe su dogara da masu ba da jini kyauta, kuma ko da gwajin C ɗin ya samu sai Satumban 1991 Birtaniya ta fara yi wa duk jinin da aka bayar.

Mu nan Najeriya ƙa'ida ita ce duk ledar jini a gwada ta kan ƙanjamau, B, C da tunjere, a 2021 ma aka yi dokar kafa hukumar jini ta ƙasa. Sai dai har yau in mai naƙuda ta zubar da jini 'yan uwa ake cewa su kawo, in jininsu bai dace ba a leƙa bakin get a yi ciniki da masu sayarwa. Wanda ya kamu kwanan nan gwaji na iya nuna shi garau na 'yan makonni alhali cutar na jininsa, shi kuma mai jiran a biya shi, ko an tambaye shi tarihinsa lafiya lau zai ce.